Akwatin wufa a bayan kujerar Hilux: rufaffe ko mai bututu?

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Aikin da na sa a gaba kafin azumi ya kama shi ne sa wa motata wufa, wato babbar sifikar da ke fitar da sauti mai kauri (bes), kuma zan riƙa rubuta yadda ake ciki, ko mai irin wannan niyya zai samu abin dubawa. Motar tsohuwar Hilux ce mai ƙofa huɗu, ta neman abinci ce, ba ta gayu ba. Sifikun ƙofofi ne kaɗai a cikinta. In tana tsaye ba laifi, amma da na miƙi hanyar Zariya sai ƙugin inji da na tayoyi su haɗiye duk wani sauti mai kauri, a bar ni da muryar mawaƙi da 'yan ƙararraki, kiɗan ya koma fayau.

Samun wufa ba wuya, tana nan birjik a Sabon Gari. A kan akwatin ake gardama. Akwai rufaffe, wanda ba ta inda iska za ta shiga ko ta fita, akwai kuma mai bututu, wanda ake huda wa rami a zura fayif, ko a yi masa dogon lungu da katako. Ɗan yayata, wanda shi ne ɗan hannuna a wannan aiki, tuni ya yanke hukunci. Ya ce, "Kawu, in dai ba mai rami ba ne, kuɗinka kawai za ka zubar. Rufaffe ai na dattawa ne." Na ce masa to ai ni ma ba yaro ba ne. Mun ajiye magana a kan ba za a sayi komai ba sai an auna wuri.

Laraba, 8 ga Janairu

Mun kwantar da majinginar kujerar baya, muka fitar da jak da sifanan taya, muka sa tef. Wurin da ke tsakanin majingina da bangon ƙarfe tsukukke ne, ƙasansa ya fi samansa faɗi. Mafi girman akwatin da zai shiga a rufe kujera ba dole shi ne mai faɗin santimita 90, tsayi 36, zurfi 14 a ƙasa, 9 a sama.

Wannan awon waje ne, wufa kuwa ba ruwanta da waje, iskar da ke ciki take aiki da ita. In aka yi da katako mai kaurin milimita 18, cikin zai koma 86.4 da 32.4, zurfi kuma in an raba tsakani 7.9. Ya ba da lita 22 da ɗoriya. A cire abin da jikin wufar zai cinye da tokarar ciki, sai a tashi da lita 20. Iyakar gonar ke nan.

Yaron ya kawo shawarar a kai akwatin bodi, tunda can fili ya yi yawa. Ba zai yiwu ba. Bodin a-kori-kura daban yake da ɗakin direba, bango biyu na ƙarfe ne a tsakani, sai dai a yanka su a haɗa da roba, ni kuwa ba zan sa wa motata wuƙa saboda kiɗa ba. Ga ƙurar hunturu, ga ruwan damina, ga buhuna, ga masu ɗan hali.

Wani abu da muka gani a bangon, wanda duk mai irin wannan aiki ya kamata ya duba a tasa motar: akwai 'yan tagogi masu leɓen roba da iska ke fita ta cikinsu in an bugo ƙofa ko an kunna fankar esi. Ba a toshe su. Mun yi wa wurinsu alama da alli don akwati ya bar musu hanya.

Lahadi, 12 ga Janairu

Jiya na sayo wufa. Inci 10, irin marasa zurfin nan da aka ƙera don matsattsen wuri, zurfinta santimita 8.5, mai nadin waya biyu a ciki, kowanne om 4 (om shi ne ma'aunin turjiyar da waya ke yi wa wuta). Sharaɗi ɗaya na gindaya wa mai shago: sai wadda takardarta ke cikin kwali. Ya yi ta nuna mini wasu da aka rubuta wa dubban wat da manyan haruffa, na ce ni ƙananan lambobin nake so. Wat ɗin da ake kallo shi ne na RMS, wanda za ta iya ɗauka ta daɗe ba ta ƙone ba, kuma na wannan 300 ne.

Ƙananan lambobin nan su ne kan magana. Kafin 1961 yawancin masu haɗa akwatin sifika mai rami da gwaji da ƙiyasi suke yi, duk da cewa tun 1932 Albert Thuras na Bell Labs a Amurka ya samu rajistar mallakar fasahar. A 1961 ɗin ne wani injiniya ɗan Ostireliya, Neville Thiele, ya fitar da lissafin da ke haɗa halayen sifika da girman akwati, Richard Small kuma ya faɗaɗa shi a Jami'ar Sidni a farkon shekarun 1970. Shi ya sa har yau ake kiran waɗannan ƙananan lambobi da sunayensu biyu. Ga abin da ke kan takardar tawa: Fs 32 Hz, wato in an bar ta a fili sau 32 take son kaɗawa a daƙiƙa, Vas lita 28, yawan iskar da taurinta ya yi daidai da taurin robar wufar, sai Qts 0.48 da Qes 0.52, lambobin da ke nuna yadda wufar ke saurin lafawa bayan ta kaɗa.

Akwai wani gajeren gwaji: a raba Fs da Qes. In sakamakon ya gaza 50, wufar ta fi dacewa da rufaffe, in ya haura 100 ta mai bututu ce. Tawa ta ba da 61 da 'yan kai. Tana tsakiya, amma ta karkata wajen rufaffe. Yaron ya ce tsakiya ai tsakiya ce, ba a kayar da shi ba tukuna. Gaskiyarsa.

Na yi lissafin rufaffen. A lita 20, taurin iskar da aka kulle zai ɗaga kaɗawar daga 32 zuwa wajen 50 Hz, Q ɗin akwati gaba ɗaya kuma, wato irin wannan lamba in an haɗa wufa da akwatinta, ya tsaya a 0.74. Abin da ake nema don sauti ya miƙe ba tudu ba kwari shi ne 0.707, wanda a wannan wufa yake buƙatar lita 24. Kenan kaɗan muka gaza, kuma cusa faiba irin ta filo a ciki zai cike wani ɓangare na giɓin.

Asabar, 18 ga Janairu

Yau ranar lissafin bututu ce, kuma a nan na fi daɗewa, don a nan ake yaudarar mutane.

Duk wanda ya taɓa hura bakin kwalbar lemo ya ji ta yi "wuuu" ya san yadda akwati mai bututu ke aiki. Iskar da ke wuyan kwalba tana da nauyi, wadda ke cikin cikinta tana dannuwa tana dawowa, su biyun suka haɗu sai su ba da murya ɗaya tak. Masanin Jamus Hermann von Helmholtz ya yi bayanin wannan tun ƙarni na 19. A akwati ma haka ne: girman ciki, faɗin bututu da tsawonsa su ke yanke wace murya zai rera. A daidai wannan murya bututun ne ke yin aikin, fatar wufar kusan a tsaye take, sauti kuma ya ƙaru da dB 3 ko fiye (dB shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara). Ba ƙaramin abu ba ne, don ƙarin dB 3 sai an ninka wutar amfilifaya biyu ake samunsa. A nan ɗan yayata yake da hujja, kuma hujja mai ƙarfi.

To amma wace murya za a saita? Igiyar ƙasa ta gitar bes tana kan 41 Hz, bes ɗin kwamfuta na waƙoƙin situdiyo kuwa yakan gangara ƙasa da haka. Don haka 35 Hz muka zaɓa. Na zuba lambobin a WinISD, manhajar kyauta ce, na kuma bi da hannu don in tabbatar.

Akwatin lita 40 da fayif ɗin ruwa mai inci 3: tsawon bututu santimita 21. Da fayif mai inci 4: santimita 40. Akwatin lita 20, wanda shi ne abin da muke da wurinsa, da inci 3: santimita 48. Da inci 4: santimita 88, wato kusan faɗin akwatin kaf, kuma shi kansa fayif ɗin zai cinye wajen lita 7 daga cikin 20 ɗin, sai a sake lissafi ya ƙara tsawo. Abin ya zo a juye: ƙaramin akwati shi ya fi buƙatar dogon bututu. In kuma aka ce a tsuke fayif don ya gajarta, iskar za ta riƙa fita da gudu har a ji tana huci. Masu harkar suna son gudunta kar ya wuce mita 17 a daƙiƙa sosai. Ban da haka ma, fayif mai inci 3 ba zai kwanta a saman akwatina ba, inda zurfin ciki bai kai santimita 6 ba.

Sai na ɗauki awon irin akwatunan da ake sayarwa haɗaɗɗu, ƙanana masu ɗan gajeren fayif, na gwada lissafinsu. Lita 20, rami inci 3, bututu santimita 10: muryarsa 65 Hz. Ma'ana a wajen 65 zai yi ta dukan ƙirji, "bum, bum", ko wace waƙa aka sa murya ɗaya ce, ƙasa da haka kuma ya saki wufar tana lilo a banza. A shago yana burgewa, don cikin minti ɗaya ake yanke ciniki. A tafiyar awa uku ciwon kai ne. A ganina mafi yawan masu cewa mai bututu ba ya fitar da kiɗa tsaf, irin wannan suka ji, ba wanda aka lissafa ba.

Akwai wata ƙa'ida da ake jingina wa Anton Hofmann, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin KLH: ƙaramin akwati, bes mai zurfi, ƙara da wuta kaɗan, biyu za ka samu cikin ukun nan. A bayan kujerar a-kori-kura an riga an zaɓar maka na farko.

Duk da haka mun yi yarjejeniya za a haɗa duka biyun. Rufaffe na gaske mai lita 20, da mai bututu na gwaji mai lita 40 da ragowar filawud, a ɗora shi kan kujera a ji da kunne.

Talata, 21 ga Janairu

Na'ibawa 'Yan Katako. Allon MDF, wanda ake matsewa da garin katako da gam, mai milimita 18, falle ɗaya ya isa har da saura. Ya fi filawud ɗin kasuwa nauyi da daidaito, ba shi da kogo a ciki, amma ba ya shiri da ruwa, in ya jiƙe kumbura yake ya dagargaje. Za a shafe shi da fenti ciki da waje kafin kafet. Na haɗo da gam na katako, sukurori, silikon, da guntun fayif.

Lahadi, 26 ga Janairu

Kafintan da ke mini aiki dattijo ne, gadaje da kabet-kabet ya fi yi, amma hannunsa na da kyau. Da na ba shi takardar awo ya duba ya ce, "Alhaji, wannan ai akwatin ajiye takardu ne. Ina ƙofarsa?" Na ce, "Malam, ba shi da ƙofa, ko iska ba a so ta fita." Ya ce to shi dai bai taɓa haɗa abin da ba a buɗewa ba, amma za a yi.

Inda muka ɗan ja shi ne wajen ƙusa. Shi ya saba da guduma, MDF kuwa in aka buga masa ƙusa ta gefe tsagewa yake. Sai da aka fara huda ƙananan ramuka da dirili, aka shafa gam a kowace gaɓa har yana tsattsafowa, sannan aka ɗaure da sukurori tazarar ɗan yatsa huɗu-huɗu. Gam ɗin ne ke riƙe akwati, sukurori riƙon ƙwarya suke yi kafin ya bushe. Fuskar gaba a karkace take don ta bi kwanciyar majingina, kuma a nan gwanintarsa ta fito: ya ɗauki kusurwar da kwali daga jikin motar, ya fere bakin katakon da fara har ya zauna ba ko siririn haske. An sa tokara biyu daga gaba zuwa baya, hagu da dama da ramin wufa, don faffaɗan allo mai santimita 90 in ba a tokare shi ba shi ma kiɗansa zai riƙa yi.

Ramin wufar ya ɗan sauka ƙasa da tsakiya, inda zurfi ya fi yawa, don a bar wa maganaɗisun sarari a bayansa. Sai aka zagaye duk gaɓoɓin ciki da silikon. Za a bar shi ya sha iska tukuna, don warin tsamin da silikon ke fitarwa kafin ya bushe ba ya yi wa gam da robar sifika daɗi.

Na gwajin kuwa cikin awa ɗaya aka harhaɗa shi, mummuna ne amma awonsa daidai: lita 40 bayan an cire fayif da wufa, fayif inci 3 mai santimita 21, an goge bakinsa da sanfefa ya yi laushi.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Wayarin. Amfilifayar ƙarama ce mai tasha ɗaya, wat 300 a om 2, ta shige ƙarƙashin kujerar mai zaman banza. Nadin wufar biyu an haɗa su kai da kai, ja da ja, baƙi da baƙi, om 4 biyu suka koma 2. In tana aiki gadan-gadan za ta ja wajen amfiya 27, don haka waya mai kaurin lamba 8 ta wadatar, muddin jan ƙarfe ce zalla.

A nan aka so a yi mana sakiyar da ba ruwa. Wayar farko da aka miƙo mana a wani shago kauri gare ta, ja jawur, amma ba nauyi. Rewayan da ke tare da mu ya zaro sili ɗaya ya kankare da reza, sai ga fari fat a ciki. Alminiyom ne aka yi wa rufin jan ƙarfe, kuma alminiyom wajen kashi 61 cikin 100 na wutar da jan ƙarfe ke ɗauka yake iya ɗauka. Muka ajiye musu abarsu.

Fis mai amfiya 40 yana kusa da batir, bai kai taku biyu ba. Ba amfilifaya yake karewa ba, motar yake karewa, don in wayar ta goge a jikin ƙarfe ba fis, gobara ce. Wayar ƙasa, wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota, gajeriya ce, an kankare fenti har ƙarfe ya fito kafin a ɗaure ta. Gen ɗin amfilifaya, wato maɓallin da ke daidaita ƙarfin da take ba wufa, da mita aka saita shi, ba da kunne ba: aka cire wufa, aka sa sautin gwaji na 50 Hz, aka murɗa har mita ta nuna bolt 24.5, wanda shi ne wat 300 a om 2.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

An cusa faiba irin ta filo a rufaffen, sako-sako ba danƙare ba, aka ɗaura wufa. Na danna fatar da yatsu a hankali na saki, ta dawo sannu-sannu. Da akwai yoyo da tsalle ɗaya za ta yi ta dawo. Kusa da inda waya ta fito na ji ɗan "sss", aka ƙara silikon.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Ranar gwaji. Muka fita bayan gari ta hanyar Wudil, inda ba za mu dami kowa ba, muka faka. Wufa ɗaya, amfilifaya ɗaya, saiti ɗaya, kurosoba, mai tare wa wufa duk sautin da ya haura inda aka saita ta, a 80 Hz, akwati kawai ake canzawa. Na sa manhajar awon ƙara a waya na jingina ta a sitiyari. Makirufon waya ba abin dogaro ba ne a sautin ƙasa, amma don kwatanta wannan da wancan a wuri guda yana da amfani.

Da mai bututu muka fara. Don mu tabbatar da muryarsa sai muka kwantar da shi wufa na kallon sama, muka zuba 'yan ƙwayoyin shinkafa a kan fatar, muka riƙa sauke sautin gwaji daga 60. A 50 shinkafa na ta tsalle. A 40 ta lafa. A 36 kusan ta kwanta, alhali bakin fayif na hura iska har yana kaɗa gefen rigar yaron. Lissafi ya ce 35, akwati ya ce 36, ba mu da ƙorafi. Da muka gangara 25 sai labari ya canza: fatar ta shiga lilo da ƙarfi kamar za ta fice, shinkafa ta watse, amma ƙarar ta ragu ƙwarai. Ƙasa da muryar bututu iskar akwati ba ta riƙe wufa kuma, sauti yana faɗuwa da dB 24 duk sanda aka raba Hz biyu. Shi ya sa mai bututu ba ya zama sai da matatar sabsonik, mai yanke sautin da ya yi ƙasa sosai kar ya kai ga wufa, muka saita ta wajen 28.

Da waƙa kuwa ba a magana. Madubin tsakiya ya daina nuna komai. Tsakanin 35 da 45 Hz ya fi rufaffen da dB 3 zuwa 4 a wayata. Yaron ya kalle ni yana dariya, "Kawu, ka ji ko?" Na ji. Kuma ba zan ce sautin ya lalace ba, don wannan an lissafa shi. Sai dai ya yi yawa. A waƙar da mai bes ke hawa yana sauka, muryoyin ƙasa sun danne na sama, kuma in aka ƙure ana jin hucin fayif.

Rufaffen a takarda ya fara sauka tun daga 50 Hz, da dB 12 duk sanda aka raba Hz biyu, har yaron ya ce ba zai yi zurfi ba. A cikin mota sai ga shi ya gangara har 30 ba tare da ya ɓace ba. Dalilin ɗakin motar ne. Tsawon zangon sautin 50 Hz ya kusa mita 7, ɗakin Hilux kuwa mita 2 ne da wani abu. Daga wajen 70 zuwa 80 Hz abin da ya yi ƙasa, sautin ba ya samun filin tafiya, sai dai ya riƙa matsa iskar ɗakin gaba ɗaya yana saki, kuma wannan na ƙara ƙarfi har kusan dB 12 duk sanda aka raba Hz biyu, in ɗakin a rufe yake ruf. Abin da akwati ke zubarwa ɗaki na mayarwa, kusan ɗaya bisa ɗaya. Mai bututu kuwa ya riga ya miƙe har 35 da kansa, sai ɗakin ya ɗora masa nasa a kai, shi ne tudun da muka ji.

Dabarar rufaffen ƙaramin akwati ba sabuwa ba ce. Edgar Villchur ya fito da ita kasuwa a Amurka a 1954, ya bar iskar da ke kulle ta yi aikin da taurin roba ke yi. Don falo ya yi ta, amma ɗakin mota ya fi falo yi mata rana.

Na sa kiɗan kalangu don in ji. Wufar kusan ba ta motsa ba a kowane akwati. Muryar kalangu tana sama da inda aka yanke mata, aikin sifikun ƙofa ne. Babbar ganga ce ta ɗan taɓa ta, kuma a rufaffen dukan ya fi fitowa a dunƙule, ya buga ya tsaya. Mai sauraron kiɗan gargajiya da karatu da labarai ya sani, kuɗinsa a ƙofofi ya kamata su fara sauka.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Yaron ya dawo da hujjar da ta fi ta farko. Ya ce duk gwajin da muka yi gilashi a rufe ne, alhali in bazara ta shigo, mai ya yi tsada, wa ke kunna esi daga Kano har Gaya? Muka sake fita, wannan karo a guje, gilasai a sauke.

Ya yi gaskiya. Da an buɗe taga ɗakin ya daina riƙe iska, taimakon da yake ba rufaffen ya ragu, ga ƙugin iska ya shigo. Ƙasan bes ɗin ya yi sirara, ana jin duka amma nauyin ya tafi. Mai bututun kuwa a nan ya zauna daidai, tudun nan da ya dame ni ya baje. Wanda yawancin tafiyarsa taga a buɗe take, ko yake so a ji shi daga bakin layi, mai bututu ne nasa, in yana da wurin lita 40 da bututu mai tsawon da ya dace.

Ni ba ni da wurin. Akwatin gwajin ya cinye mazaunin mutum biyu, kujerar nan kuwa ita ke kai yara makaranta, ita ke ɗaukar leburori. Kuma ba na bukatar maƙwabta su san na dawo, balle layinmu da masallaci a bakinsa. Ga wani ƙaramin abu: mako guda da akwatin gwajin ya yi a gareji, da na leƙa fayif ɗin ƙurar hunturu ta yi masa shimfiɗa, har da saƙar gizo. Ramin da iska ke shiga, kyankyaso ma na shiga.

Rufaffe za a ɗaura.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

An yi masa fenti, an lulluɓe shi da baƙin kafet, an ɗaure shi da ƙarafa biyu masu lanƙwasa a jikin notocin da ke wurin tun asali, ba a huda ko'ina ba. Akwati mai wannan nauyi ba a barinsa sake a bayan fasinja. An sa wa wufar raga ta ƙarfe, da 'yan katakai biyu a gefe da ke tokare majingina, don fatar ta samu wurin motsi kar ta riƙa dukan soso. Jak ya koma ƙarƙashin kujera cikin jakar buhu.

Sai ƙararraki suka fito. Na farko leɓen robar tagogin iskan nan ne, suna "far-far-far" a duk dukan bes. Ba a manne su ba, siririn soso aka liƙa a inda suke bugawa, suna buɗewa yadda suka saba. Na biyu ƙarfen bel ɗin tsakiya ne yana taɓa akwati. Na uku lambar mota ta baya, aka sa mata roba.

Da aka juya maɓallin fes na amfilifaya, mai sauya turawa da jan fatar wufa, daga 0 zuwa 180, bes ɗin ya bar bayan kujera ya dawo gaba wajen dashbod, ya haɗe da na ƙofofi. A wata motar akasin haka za a samu, sai an gwada. An kuma yanke wa sifikun ƙofa duk abin da ke ƙasa da 80 Hz, suka huta, muryoyi suka washe.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Tafiyar Zariya da dawowa, gilashi a rufe. Amfilifaya ta yi ɗumi, ba ta yi zafin da hannu zai kasa zama ba, fitilu ba sa lumshewa da dare. Wufar ta ɗan saki jiki, ƙasan ya fi na ranar farko cika, har na rage gen kaɗan. Rufaffe ya fi cin wuta kafin ya ba da ƙara iri ɗaya, kuma zafin nadin a ciki yake zama, don haka in zafin Afrilu ya zo zan riƙa taɓa ragar bayan doguwar tafiya in ji.

Akwatin gwajin ɗan yayata ya ɗauke, zai nemi tasa wufar ya sa a but ɗin ƙaramar motarsa, inda fili ya ishe shi. Na ce masa ya sake haɗa shi da MDF, ya koma fayif inci 4 mai santimita 40 da gwiwa ɗaya don hucin ya tafi, ya ƙara girman akwatin da lita 3 da fayif ɗin zai cinye, kuma kar ya yanka komai sai ya ga lambobin takardar wufar da ya saya, don awon nan na tawa ne.

Abin da ya rage a Hilux: sifikar ƙofar direba tana karkarwa in an ɗaga murya, kuma ƙofofin gaba biyu na son a liƙa musu shimfiɗar kashe ƙara. Wannan sai bayan Sallah.